Za Ta Girma Ta Cika Shi

Duk wanda ya daɗe yana bin kasuwar Woolwich ya san rumfar Malam Uwaisu, ko da bai san sunansa ba. Wani ɗan lungu ne tsakanin mai kifi da shagon gyaran waya, faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwa ya taɓa bango da bango ba. A nan yake gyaran takalma, ya yanka makulli, ya ɗinke hannun jaka in ya tsinke, shekara ashirin da biyu ke nan. Dogo ne siriri, mutumin Gusau, magana ba ta dame shi ba. Yana da wata baiwa da 'yan kasuwar kan kira baƙi su zo su gani: in ya dubi ƙafarka sau ɗaya zai faɗa maka lambar takalminka, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to na Uwaisu har mudun ya haɗa.

Ba gyaran takalmi ya kawo shi Ingila ba. Karatun sarrafa fata ya zo yi yana saurayi, da niyyar ya koma gida ya zama babba a wata masana'anta. Kafin ya gama karatun masana'antar ta rufe. Ya ce bari ya ɗan taɓa sana'a na shekara ɗaya ko biyu kafin abubuwa su daidaita, kuma kowa ya san yadda irin wannan shekara ɗaya ko biyu take ƙarewa a Landan. Ya auri Zinatu, 'yar Kaduna, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi. Sai da suka yi shekara tara suna jira kafin Allah ya ba su 'ya mace, kuma daga ita ba su sake samu ba. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, A'isha, ana kiranta Mufeeda, shi kuwa Uwata yake ce mata.

Aibin Uwaisu ɗaya ne, in ma aibi ne, don rabin iyayen ƙasar Hausa suna da shi: ba ya saya wa yaro abu daidai da shi. Riga, takalmi, rigar sanyi, komai sai da ƙari. In Zinatu ta yi ƙorafi amsarsa ba ta canzawa: "Za ta girma ta cika shi." Hoton Mufeeda na ranar farko a makaranta yana nan a falo, an naɗe hannun rigar ninki uku, ita kuma tana dariya a ciki kamar an sa kyanwa a buhu. Malamai sun sha aiko da takarda cewa takalmin yarinyar yana fita in tana gudu. Shi kuma sai ya yanka fata ya shimfiɗa a ciki, ya ce ai ga shi ya zauna.

Waɗanda ba su san shi ba sun ɗauka rowa ce. Ba rowa ba ce, tsoro ne, kuma tsoron ya girmi yarinyar da fiye da shekara ashirin. Yana da shekara tara mahaifinsa ya rasu. Da idonsa ya ga kawunsa ya zaro kara daga danga, ya shimfiɗa shi kusa da gawar, ya karya daidai tsawonta, ya miƙa wa masu haƙar kabari. Tun daga ranar mahaifiyarsu ba ta sake yarda tela ya ɗora wa ɗanta igiyar awo ba. Sai dai a kai tsohuwar riga a ce ya ƙara yatsu huɗu. Takan ce mai rai ba a yi masa awo cif-cif, ana bar masa wurin gobe. Uwaisu ya yi karatun boko har Ingila, ya san camfi ne, in ka tambaye shi ma zai ce maka camfi ne. Amma sanin bai taɓa sa ya saya wa 'yarsa abu daidai jikinta ba.

Mufeeda tana shekara shida aka fara lura tana yawan faɗuwa, in za ta tashi daga ƙasa sai ta dafa gwiwa kamar tsohuwa. Aka yi ta zarya zuwa babban asibitin da ke Camberwell, daga gwaji sai gwaji. A ƙarshe likita ya zaunar da su ya faɗi sunan cutar, suna mai tsawo da Uwaisu bai taɓa yarda ya riƙe ba. Ya ce tsokar jikinta za ta yi ta raguwa a hankali, ba a san maganinta ba tukuna, jikin ba zai yi wani girma can ba, kuma bai yi musu alkawarin shekaru masu yawa ba. Zinatu ta yi kuka tun daga ofishin likitan har cikin jirgin ƙasa. Uwaisu ya ce Allah ne mai magani. Gaskiya ya faɗa, amma da wannan gaskiyar ya rufe maganar, bai sake barin kowa ya buɗe ta a gabansa ba. Da yarinyar ta kai shekara goma ta koma kan keken guragu, hukumar unguwa ta sauya musu gida zuwa hawan ƙasa. A makon da suka tare ya sayo mata takalmin makaranta, da ƙarin lamba ɗaya kamar kullum.

Mai yi mata gashin jiki a asibiti ce ta kawo shawarar hawan doki. Ta ce akwai wata barga a bakin gari, ta wajen Kent, inda ake ɗora yara masu irin wannan larura a kan dawakai masu sanyin hali, tafiyar dokin tana motsa musu ƙugu da baya. Uwaisu, wanda bai taɓa hawa komai ba sai jakin kawunsa, ya ce wannan kuma wane irin magani ne. Amma ya kai ta. Aka ba ta wata godiya ja, gajera, mai tumbi, wai ita Tofi. Su Turawan, wata alewa suke nufi da sunan, shi kuwa da ya ji sai ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce ai dabbar da sunanta tofi ba za a rasa albarka a jikinta ba.

Abin da ya gani ranar bai taɓa barin zuciyarsa ba. A kan keke kowa sunkuyawa yake ya yi wa Mufeeda magana, wasu ma uwarta suke tambaya alhali ga ta zaune tana ji. A kan Tofi kuwa kowa sai ya ɗaga kai. Ta riƙe linzami, ta ce wa godiyar ta tafi, godiyar ta tafi. Cikin 'yan watanni ta kai tana zagaya filin ba mai riƙe da ita, sai mai ja a gaba. Mako duka yarinyar Asabar take jira. Ran Juma'a da la'asar ta riga ta sa an fito mata da hular kwano da safar hannu an ajiye a bakin gado. Wannan awa ɗaya ita ce rabonta na duniya, kuma iyayen sun san haka.

Mai koya mata hawan sunanta Fausia. Iyayenta 'yan zangon Accra ne, ita kuma a Tottenham ta tashi, ta faɗa harkar dawaki tun tana 'yar makaranta. Tana jin Hausa irin ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne. Da farko abin yana ba Uwaisu dariya, daga baya kunnensa ya saba. Mace ce mai fara'a, amma a kan lafiyar yaran da ke hannunta ba ta da wasa ko kaɗan.

Ana shekara biyu da fara hawan, a farkon bazarar da Mufeeda ta cika sha biyu, bayanta ya ƙara rauni. Ta fara karkacewa gefe in godiyar ta juya. Wata Asabar Fausia ta ja iyayen gefe ta yi musu bayani. Sirdin da ake amfani da shi a Ingila shafaffe ne, ba abin da ke tare mutum gaba ko baya, mahayi ne ke riƙe kansa. Mufeeda ta daina iya wannan. Amma akwai sirdin kaboyi, irin na Amurka, mai zurfi, da majingina a baya, da tudu a gaba mai ƙaho a kai wanda za ta iya kamawa. In aka samu wanda ya yi mata daidai, zai rungume ta, ta ci gaba da hawa, wataƙila shekara guda, wataƙila fiye. Bargar ba ta da ƙarami, sai dai su nemo na hannu.

"Amma Baba, sai size ya yi daidai," in ji Fausia. "In ya zauna, yatsa uku kawai zai shiga tsakanin cinya da tudun gaba. In ya fi haka, zai yi ta zamewa a ciki."

Ta zaro igiyar awo daga aljihu ta durƙusa gaban keken za ta auna cinyar yarinyar daga ƙugu zuwa gwiwa. Uwaisu ya sa hannu ya tare. Ya ce ba sai an auna ba, harkar fata harkarsa ce. Fausia ta dube shi, ta dubi Zinatu wadda ta kawar da kai, ta mayar da igiyar aljihu. Ta ce to ko da ido ma ta san sha uku ne. Ta rubuta masa a takarda: faɗin da zai dace da bayan Tofi, da kuma mazauni inci goma sha uku.

Ya samu labarin wani tsohon Bature a wata gona a Essex mai tara tsofaffin sirada, ya hau jirgi ya je ran Lahadi. Da ya shiga rumbun da tsohon ke ajiye su, warin fata da mai ya buge shi, sai ga shi ya tuna silimar Gusau da finafinan kaboyi da suke leƙe ta saman katanga. Ya shafa wannan, ya shinshina wancan, ya bi ɗinki da farce, har tsohon ya gane ya haɗu da wanda ya san fata. Sirdi biyu ne suka dace da faɗin bayan Tofi. Ɗaya sha shida, ɗaya sha uku.

Ya ɗaga sha ukun da hannu ɗaya. Ba nauyi, ɗan mitsitsi, kamar abin wasan yara. Ya tsaya yana kallon ɗan wurin zaman, yana ganin iyakar 'yarsa ke nan a duniya, daga nan zuwa nan. Sai ya ajiye shi ya fara yi wa kansa lissafi irin na mai neman mafita. Ya taɓa leƙa ƙarƙashin sirdin da take hawa a barga ya ga an buga sha biyar. To yarinyar da ke kan sha biyar, yaya za a ce ta koma sha uku? Baya ake girma? A ƙara ɗaya dai saboda gobe, sha shida ke nan. Abin da bai sani ba shi ne ƙirgen ba ɗaya ba ne. Daga wurin da ake fara awon sirdin Ingila daban, na kaboyi daban, sha biyar na can shi ne sha uku na nan. Sha shidan da ya rungumo na ƙaton namiji ne mai cin tuwo ya ƙoshi. Tsohon ya faɗa masa haka, har sau biyu, da ya ji 'yar shekara sha biyu za a saya wa. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Awon godiya dai ya bi shi ba ƙari ba ragi, don ita ta riga ta gama girmanta.

Kwana shida yana goge sirdin nan a rumfa tsakanin takalman mutane, har ya koma yana ƙyalli. Ran Asabar aka ɗora wa Tofi, aka ɗaga Mufeeda da na'urar da ake ɗaga yaran da ita aka zaunar da ita. Tun kafin a ce komai abin ya nuna kansa. In ta jingina da baya hannunta ba ya kai wa ƙahon, in ta kama ƙahon bayanta a iska yake. Fausia ta zura hannu gaban cinyarta, tafin ya shige duka har da wuyan hannu. Duk da haka ta ce a gwada. Taku uku godiyar ta yi, yarinyar ta zame baya, ta tafi gefe, ba don matar da ke tafiya kusa da ita ta cafe ta ba da sai ƙasa.

"Baba, wannan na babban mutum ne," in ji Fausia. "Ba zan sa Mufeeda ciki ba. Zai faɗi."

"Za ta girma ta cika shi," in ji Uwaisu.

Yarinyar tana nan tana jinsu, kuma akwai maganar da ba a faɗa wa uba a gaban 'yarsa. Fausia ta ce kawai ya mayar ya karɓo ƙaramin tun yana nan.

Bai mayar ba. Nan ne taurin kan Uwaisu ya haɗu da gwanintarsa, kuma haɗuwar ba ta yi kyau ba. Da bai iya aikin fata ba da ya haƙura tun makon farko. Sai ya ɗauki sirdin ya koma da shi rumfa. Ya yanka buzu ya shimfiɗa a mazaunin. Fausia ta ce a'a. Ya yi matashi na soso ya lulluɓe da fata ya ɗaure a majinginar, ɗinki kamar daga masana'anta ya fito. Fausia ta yaba aikin, ta ce a'a, don likkafun a inda aka kafa su suke, sun yi gaba da yawa, kuma faɗin mazaunin yana buɗe mata ƙafafu fiye da yadda ƙugunta zai ɗauka. Ya sake komawa ya rage wannan ya ƙara wancan. Kowane gyara sai ya ci mako uku ko huɗu, don ba ya yin aikin banza.

Bazarar Ingila kuwa gajera ce, ba ta jiran kowa. Yuni ya wuce, Yuli ya wuce, Agusta ya bi su. Duk Asabar ana kai Mufeeda barga, don ta ce ko ba za ta hau ba a kai ta. Sai a tura kekenta kusa da Tofi a ba ta buroshi, ta yi ta share iya inda hannunta ya kai, wato ciki da kafaɗa, tana kallon sauran yara suna zagaye a fili. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Uwaisu yana tsaye a bakin shinge yana gani, abin yana cin ransa, amma sai ya gaya wa kansa saura kaɗan, gyaran gaba zai yi.

Zinatu ta yi iya nata. Ta duba a waya, ƙananan sirdin kaboyi ba su da yawa a ƙasar, wanda ta gani kuma ba ta san ko zai dace da bayan godiyar ba. Ta nemi lambar tsohon Essex, mijin ya ce zai duba. Ta yi magana da lallami, ta yi da fushi, ta yi shiru na kwana uku. Shekara ashirin ba ta taɓa sa baki a abin da ya shafi fata ba, kuma a can ƙasan zuciyarta ita ma tana so a ce shi ne mai gaskiya.

Wata Lahadi a watan Oktoba, bayan azahar, ya shigo kicin riƙe da wani sabon zane da ya yi a takarda, yana cewa ya gano inda matsalar take. Zinatu tana wanke tukunya. Ta kashe famfo ta juyo.

"Malam, wanzami dai ba ya son jarfa. Ka auna ƙafar duk mutanen Woolwich da ido, 'yarka ce ba ka iya gani?"

"Ki daina irin wannan maganar. Ke ce Allah?"

"Ni ba Allah ba ce, uwarta ce. Ni nake mata wanka. Rigar da ka sayo mata tun tana shekara tara har yau naɗe hannun nake yi." Ta ajiye tukunyar. "Ka san abin da take yi tun watan Yuli? Ƙarin tuwo take nema. Ta ci ta ci har ya dawo, in share, ta ce kar in gaya maka. Wai so take ta yi ƙiba ta cika maka sirdinka. Ita a ganinta laifinta ne. Kana can kana jiran wata yarinya da za ta zo, wadda ke gabanka kuwa ka cinye mata bazara guda."

Suna haka sai suka ji ƙarar tayar keke a bakin ƙofa. Gidan ƙarami ne, ba a ɓoye magana a cikinsa. Mufeeda tana jin Hausa sarai, amma kamar sauran yaran da aka haifa a nan, rabi da rabi take mayarwa.

"Abba, kar ku yi faɗa," in ji ta. "I'm trying, wallahi. Ina ƙoƙari. Kawai ba ya zama ne."

Uwaisu ya zauna a kan kujerar kicin, takardar tana hannunsa. Tun rasuwar mahaifiyarsa bai yi kuka a gaban mutum ba, ranar ya yi, kuka mai sauti, har yarinyar ta tsorata ta matso tana shafa masa gwiwa. Kunya ce ta kama shi, da baƙin ciki, da sanin cewa duk watannin nan kansa yake karewa ba ita ba.

Washegari bai buɗe rumfa ba, abin da mai kifi ya ce bai taɓa gani ba in ba ranar Sallah ba. Ya hau jirgi zuwa Essex da ƙaton sirdin a kafaɗa. Tsohon ya karɓe shi da fara'a, ya ce ai ƙaramin an saye shi tun watan Yuli, wata mata ta ɗauka wa jikanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uwaisu ya bar masa sha shidan ya dawo hannu wofi. Daga nan ya shiga nema haiƙan, shi da Fausia, waya bayan waya, har aka samu wani sha uku a can Wales wanda ya dace da Tofi. Kafin a gama magana a aiko shi Nuwamba ta yi rabi.

A makon da sirdin ya iso Mufeeda tana asibiti. Mura ce ta fara, ta sauka a ƙirji, ƙirjin kuma ba shi da ƙarfin tari. Aka sa mata na'urar numfashi, aka riƙa ba ta abinci ta roba. Wata uku suka yi suna kwana da tashi tsakanin Woolwich da Camberwell. Sirdin yana falo a kan hannun kujera, Zinatu ta rufe shi da zane don ba ta son ganinsa. In yarinyar ta farka ta samu bakin magana sai ta tambaya ko ya iso, uban ya nuna mata hotonsa a waya. Ya tabbata a ransa, kuma Zinatu ma ta faɗa daga baya, cewa ɗokin hawan nan yana cikin abin da ya fito da ita daga asibitin.

An sallame ta a Fabrairu. Sai a Afrilu likitoci suka yarda a gwada, sau ɗaya, a ga yadda za ta yi. Ranar ana yayyafi, aka yi abin a rufaffen fili. Tofi ta gane ta, ta sunkuyo tana shinshina hular kwanon. Aka ɗaura sabon sirdin, ya zauna a bayan godiyar kamar don ita aka yi shi. Aka ɗaga Mufeeda aka sauke ta a ciki a hankali.

Fausia ba ta zura hannu ba. Ta tsaya kawai tana gyara linzamin da ba abin da ya same shi. Uwaisu ne ya matsa da kansa. Ya sa yatsu uku gaban cinyar 'yarsa, ya ƙara na huɗu, ya kwantar da tafin hannun duka, har da sauran wuri. Asibiti ya kwashe ɗan abin da ya rage a jikinta. Sirdin da zai yi mata cif a watan Yuni yanzu ya yi mata yawa.

"Abba, ya yi?" in ji Mufeeda.

"Ya yi kyau, Uwata."

Ya zagaya ta bayan godiyar ya sami Fausia, ya yi ƙasa da murya. "Akwai wanda ya fi wannan ƙanƙanta? Sha biyu, ko sha ɗaya? Ko ina yake zan je in ɗauko yau."

Idon Fausia ya ciko. "Akwai, Baba. Amma yanzu ba sirdi ba ne. Dubi bayansa. Ko wane size muka sa, ba zai iya riƙe kansa ba."

Ya duba. Yarinyar ta kama ƙahon da hannu biyu, kafaɗunta sun zubo gaba, wuyanta yana rawa da nauyin hular, amma fuskarta cike da murna, tana kallon kowa daga sama. Fausia ta ce za a yi zagaye ɗaya, a hankali, shi ya riƙe ta ta dama, Zinatu ta hagu, kuma ko me za a yi kar ɗayansu ya cire hannu. Bayan wannan sai dai a riƙa kawo ta gaisuwa.

Godiyar ta ɗaga ƙafa. Uwaisu yana tafe a gefe, hannunsa ɗaya a ƙugun 'yarsa ɗaya a bayanta, yana jin kowane ƙashi ta cikin rigar sanyi. Da suka kai rabin fili ta waiwayo.

"Abba, sake ni. I can do it. Da ai ni kaɗai nake yi."

Ya dubi Fausia. Ta girgiza kai kaɗan, yadda yarinyar ba za ta gani ba.

"To, Uwata," in ji shi. "Bari mu kai kwanar can tukuna."

Suka kai kwanar, ta sake cewa ya sake ta. Ya ce sai kwana ta gaba. Filin kwana huɗu gare shi, kuma a ta huɗun na'urar saukewa take jira.